Masu Digiri Huɗu da Rumfar Babana

Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin kasuwar unguwarmu a Garwa: kwamfuta biyu, injin fotokofi, benci, da fanka da ba ta aikin komai sai kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Aikina buga takardu. Duk wanda zai nemi aiki, ko zai shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ko zai kai ƙarar maƙwabcinsa da Faransanci mai kyau, wurina yake zuwa. Ni ma ina da digirina na lisans, wato digirin farko, yana cikin leda a ƙasan akwati. Sau biyar na zauna konkur, sau biyar na je gaban allo ina bin sunaye da yatsa har ƙasa. Daga nan na ce ya isa, na sayar da 'yan kunnen aurena na sayi inji. Saboda haka in na yi maganar masu digirin Garwa, ba labarin ji nake ba. Na san ciwon a jikina.

Mun yi yawa, shi ne gaskiyar magana. Ka tsayar da moto, wato babur na haya, a bakin titi, da wuya mai tuƙin ya rasa digirin lisans. Mai sayar da katin waya kusa da ni masta gare shi. Ba yunwa ce ke cin yawancinmu ba, don a gidajen iyayenmu ana ɗora tukunya. Abin da ke cinmu shi ne a kira mu da wani abu. Tun muna aji ɗaya aka ce mana in mun yi karatu za mu zauna a ofis mai sanyi, a miƙe tsaye in mun shigo. Muka yi karatun, kujerun ofis ba su kai yawanmu ba. Sai wasu suka juyo kan 'yan kujerun cikin unguwa: kwamitin masallaci, ƙungiyar iyayen yara, ƙungiyar 'yan moto, har kwamitin famfo. Duk inda suka sa ƙafa, kafin shekara sai ka ga perezidan, wato shugaba, har biyu da hatimi biyu, kowane yana zuwa shagona buga takardar tsige ɗayan. Dariya nake yi musu a lokacin, don abin bai zo gidanmu ba.

Babana shi ne sarkin pawan kasuwarmu, shekara talatin da wani abu. Mai kilishi ne tun kakansa. Idan ya fere nama, kana ganin tafin hannunsa ta cikin fallen. Ya shanya a kan gadon kara, ranar Garwa ta yi aikinta, ya tsoma a haɗin tunkuza da citta da kanumfari da barkono, ya sake shanyawa, sannan ya nuna wa garwashi. Matafiya masu zuwa kudu sukan bar mota tana jira su zo rumfarsa. Amma ba kilishin ne sarautarsa ba. Sarautarsa ita ce duk saniyar da za ta shiga mayanka sai ya duba idonta da bakinta, ya san daga hannun wa ta fito, ya ga an yanka ta yadda addini ya ce. In ya ce naman nan halal ne, ba mai sake tambaya. Bai san Faransanci ba sai gaisuwa. Ajami yake rubutawa, kuma shi ya koya mini da hannunsa a zaure, tun kafin in san boko. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A gidanmu kuma akwai ɗan baffana. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Baba ya ɗauko shi, muka tashi kwano ɗaya. Kilishi ne ya kai shi Maruwa karatu, kilishi ya dawo da shi da masta a ilimin tono kayan tarihi, irin su tsofaffin tukwane da ƙasusuwa. Duk unguwa shi kaɗai ya karanta wannan abu, kuma duk unguwa ba wanda bai sani ba, don bai bar kowa ya manta ba. Yana da abokai uku da suke zama ƙarƙashin dalbejiyar bakin kasuwa suna shan shayi suna gyara ƙasa da baki. Ɗaya masta a shari'a, ɗaya masta a tattalin arziki, ɗaya lisans biyu gare shi, yana kuma cewa ya fara dokta. In aka ba ɗayansu lasifika a wurin suna ko ɗaurin aure, kafin ya yi sallama sai ya karanto digirinsa. Mahauta har haddace musu suka yi, suna tsokanarsu da shi in sun zo wucewa. Ni na buga musu takardun konkur shekara da shekaru, na ɗan baffana kuwa kyauta.

Sai ga wani shiri na tallafi ya zo gari. Aka ce za a taimaki mahauta da ɗakin sanyi na ajiye nama, amma sai sun zama ƙungiya mai rajista, da tsarin mulki a rubuce da Faransanci, da perezidan da zai riƙa zuwa taro a Yawunde yana kwana a otal. Samarin nan huɗu suka wanke riguna suka zo zauren Baba suka durƙusa.

"Baba, ku bar mana takardun," in ji ɗan baffana. "Mu 'ya'yanku ne. Me amfanin karatunmu in ba mu yi muku ba?"

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka kawo musu kilishi a faranti, ya sa musu albarka. Suka rubuto tsari mai kujeru goma sha biyu, suka cusa wani sashe da ya ce perezidan sai mai digiri. Ranar da aka fassara wa mahauta, wani dattijo abokin Baba, wanda muke kira Kawu, ya ce a goge wannan wurin. Ya ce suna da sarki, in Bature yana son a ce masa perezidan to a ce masa, amma mutumin ba zai canja ba. Kowa ya ce haka ne. Na ga fuskokin samarin a ranar, na ɗauka kunya ce kawai.

Bayan sati uku, da hantsi, kasuwa ta cika, sai ga mota daga ofishin kula da lafiyar dabbobi. Mutum uku suka sauko da safar hannu, suka nufi rumfar Baba kai tsaye. Na bar inji yana aiki na ruga. Babban cikinsu ya yi magana da Faransanci, ni na fassara wa ubana da bakina: an kai musu wasiƙa cewa yana shigo da mushe, shanun da suka mutu a hanya, yana ɓoye warin da yaji. Na faɗi kalmar a hankali, amma kasuwa tana da kunne. Suka kwashe kilishi a leda, suka ja ƙyauren, suka manna takarda. Baba ya goge wuƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a tsumma, ya sa a hammata ya tafi gida a ƙasa.

Sun yi gwajinsu, ba su sami komai ba. Amma da mota suka zo rufewa, buɗewa kuwa mutum ɗaya suka aiko a kan moto da azahar ya ɓalle takardar ya tafi. Ba wanda ya shelanta cewa ƙarya ce. Matafiya suka riƙa wuce rumfar suna kallon gefe. Wata mata da ta shekara ashirin tana saye a wurinsa ta ce da ni a gaban shagona, "Allah dai ya sani, amma zuciya ba ta son shakka." Baba ya tara mahauta ya ce ya sauka, kada sunansa ya hana sauran ciniki. Ya koma zaure ya zauna. Mutumin da asuba ba ta taɓa riskarsa a gida ba, sai ga shi yana wuni yana kallon kaji. Cikin wata biyu riguna suka yi masa yawa.

Sashen digirin nan ya dawo cikin tsari, tun da ba sauran mai tsayawa. Mai shari'a ya zama perezidan, sauran suka raba manyan kujeru. Ɗan baffana ya zama sakatare janar, ya zo na buga masa kati mai sunansa da digirinsa a ƙasa.

Yadda na san gaskiya kuwa ba wayona ba ne. Injin fotokofin ofishin nan ya lalace, suka aiko tsohon masinjansu da fayil ya kwafa a shagona. Dattijo ne mai fara'a, yakan gaishe ni da Fulatanci, in ba shi ruwan sanyi. Ina ɗora takardu ɗaya bayan ɗaya, sai idona ya faɗa kan sunan ubana. Wasiƙar ce. Ba sa hannu, ba suna, an rubuta daga "'ya'yan unguwa masu kishi". Amma mutanen nan ba za su iya rubuta layi goma ba tare da an san sun yi karatu ba. A sakin layi na farko suka ce kada hukuma ta ɗauke su jahilai masu tsegumi, domin a cikinsu akwai mai masta a shari'a, da mai masta a tattalin arziki, da mai lisans biyu da ke shirin dokta, da mai masta a ilimin tono kayan tarihi.

Na karanta layin sau uku. Da wuƙar Baba tana kusa da ni a lokacin ban san abin da zan yi ba. Masinja yana ba ni labarin ciwon gwiwarsa, ni kuwa na danna inji sau biyu maimakon sau ɗaya, na zura kwafin ƙarƙashin kwamfuta.

"Lafiya, 'yata? Fuskarki ta canja."

"Zafi ne, Baba. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa."

A ranar da yamma ɗan baffana ya shigo gida ya ce, "Adda, akwai sauran tuwo?" Haka yake kirana, kamar yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a nan. Na zuba masa, na ƙara masa miya. Ya ɗauki kwanon ya je zaure ya zauna kusa da Baba yana ci yana ba shi labarin taro. Na tsaya a bakin madafi ina kallon ƙeyarsa. Na tsane shi a ranar irin tsanar da ban san ina da ita a cikina ba, kuma na rantse a raina sai ya ji abin da Baba ya ji a tsakiyar kasuwa, da rana, a gaban kowa.

Ban iya fitar da takardar nan take ba. Akwai hatimin ofis a kanta, kowa zai san ta hannun wa ta bi, a kori tsoho daga aiki yana gab da hutawa. Ba ni da hakkin yi masa wannan. Na jira. Wata goma sha takwas na yi ina jira, takardar tana cikin leda ɗaya da digirina.

Jiran bai gundure ni ba, don kallo na samu. Tun kafin a ga ko tubalin ɗakin sanyi suka fara cin naman juna. Tafiyar Yawunde ta farko kujera ɗaya ce, su huɗu. Mai tattalin arziki ya ce zaɓen bai bi tsari ba, ya ja rabin mahauta ya kafa tasa ƙungiyar da nasa hatimin. Mai lisans biyu ya ce dukansu haramtattu ne, ya kafa kwamitin riƙon ƙwarya, shi ne shugaba. Mutanen da suka shekara talatin suna aron wuƙar juna suka daina gaisawa, don kowane ɓangare an yi masa alkawarin shi zai riƙe makullin ɗakin da ba a gina ba. Fulani masu kawo shanu suka rasa wa za su yi wa magana, suka karkata wata kasuwa. Ba mai duba idon saniya kuma, kowa yanka yake yi. Wata safiya aka zare wuƙaƙe a mayanka kan wa zai fara yanka, wani magidanci ya rasa yatsu biyu, hukuma ta rufe wurin kwana da kwanaki. Matan da ke daka tunkuza suka zauna da turamensu ba aiki. Masu tallafin suka tattara takardunsu suka tafi wani gari.

Su kuwa huɗun ba su fasa ba. Kowane a ɓoye yake zuwa shagona, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya ba ni takardar ƙarar ɗan'uwansa in buga. Na buga musu duka, da kyau, ba kuskure. Ɗan baffana ya fi kowa zuwa.

"Adda, mutanen nan ba su da amana. Wallahi ina zargin su suka yi wa Baba abin nan."

"Haka kake gani?"

"Ki bari in hau kujerar nan, sai na binciko shi."

"Allah ya ba ka sa'a," na ce, ina gyara masa waƙafi.

Da abin ya ishi hukuma, aka sa ranar taro guda a haɗa kowa a zaɓi shugaba ɗaya, a gaban wakilin supurefe, wato babban jami'in mulkin yankinmu. A watan ne kuma tsohon masinja ya yi ritaya ya koma ƙauyensu wajen Mokolo. Na ce to, lokaci ya yi.

Matsalata ɗaya ce. Dattawan mahauta ba sa karanta Faransanci, kuma mace ba ta miƙewa a taronsu ta yi jawabi. Samarin nan sun san haka, shi ya sa suke barci da minshari. A wurinsu wanda bai iya boko ba bai iya karatu ba. Sun manta kowane dattijo a kasuwar nan ya yi karatun allo, yana karanta ajami kamar shan ruwa. Sun kuma manta da wata ɗabi'a da su ma suka tashi a cikinta: ba Musulmin da zai ga takarda mai haruffan Larabci ya taka, ko ya yar, balle ya naɗe nama da ita. Dole ya tsaya ya duba ko akwai sunan Allah a ciki.

Ni kuwa duk ƙarshen mako nakan ba masu kilishi ɗaurin takardun da suka lalace a shagona, su naɗe wa masu saye. Na zauna na fassara wasiƙar da Hausa, na rubuta da ajami da hannuna, kalma da kalma. Ban ƙara ba, ban rage ba, ban sa sunan kowa ba. Na kiyaye ban rubuta sunan Allah ko ɗaya a ciki ba, don ba na son in ɗauki zunubi a kan waɗannan. Na kwafa, gaba ajami, baya Faransancin da hatiminsa. Na cusa biyu-biyu, uku-uku a tsakiyar kowane ɗauri, kwana biyu kafin taro, na raba kamar kullum.

Daga ƙofar shago na ga na farko. Wani mahauci ya zaro takarda zai naɗe wa wata mata kilishi, hannunsa ya tsaya. Ya goge yatsunsa a riga, ya ɗaga ta, leɓɓansa suka fara motsi. Matar ta gaji da jira ta tafi, bai ma gani ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, ya tsallaka rumfar maƙwabcinsa, wanda rabonsu da magana ya fi shekara. Ya tarar da shi riƙe da irinta.

Da la'asar Kawu ya shigo shagona, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a benci ya fito da takardar.

"'Yata, abin da ke bayan nan shi ne abin da ke gaba?"

"Shi ne, Kawu. Ka kai wa duk wanda ka yarda da shi ya karanta maka."

Ya ce, "Na kai. Mutum biyu." Ya tashi, a bakin ƙofa ya juyo ya ce in gaida mahaifina.

Ba wanda ya gaya wa samarin komai. Kasuwa guda ta riƙe bakinta kwana biyu, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiyar nan tasu, aka ajiye wa wakili tebur da ruwa. Na tsaya can baya cikin mata masu tunkuza. 'Yan takara huɗu suna kan kujeru a gaba, kowa da takalmi mai ƙyalli. Wakili ya ce kowa ya gabatar da kansa. Mai shari'a ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Ni dai kun san ni, ina da masta a shari'a..."

Kawu ya miƙe da takardarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya karanta: "Domin a cikinmu akwai mai masta a shari'a." Ya zauna.

Mutumin ya yi tsaye baki buɗe, bai gane ba tukuna. Wakili ya ce na biyu. Mai tattalin arziki ya fara nasa, wani dattijo daga ɗaya ɓangaren ya miƙe ya karanta masa layinsa. Sai hannuwa suka shiga aljihu, takardu suka fito ko'ina, fari fat a kan tabarmi. Na uku ya miƙe ya ce shi ba zai yi dogon bayani ba. Wani ya ce daga baya, "A'a, faɗi mana, lisans nawa ne?" Kawu ya sake tashi ya karanta wasiƙar tun daga farko har ƙarshe, har wurin mushe da yaji. Da ya zo kan mai tono kayan tarihi sai ya dakata, ya ɗaga kai. Kowa ya juya.

Ɗan baffana bai miƙe ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya ɗago yana neman wani abu a cikin taron, idonsa ya same ni. Ban kau da kai ba. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina, irin daɗin ruwan randa a watan azumi.

Ba wanda ya taɓa su. Mahauta suna da hanyarsu. Daga ranar ba rumfar da ta sake sayar wa gidajen sauran ukun nan nama, ba mai miƙa musu hannu a masallaci. Da babbar Sallah ta zo ba mahaucin da ya je feɗe musu rago. An ce mai shari'a ya wuni yana kokawa da fata har la'asar, ya fasa tumbi a kan naman. Ɗan baffana bai kai Sallar ba. Kwana uku da taron ya ɗauki jaka ya tafi Tuboro, muka ji yana aikin awon auduga. Kada wani ya ɗauka kasuwa ta gyaru. Kafin wata ya fita wasu sababbin masu digiri biyar sun fito takarar kujerar, biyu a cikinsu a shagona suka buga takardunsu.

Dattawa suka zo zaure suka ba Baba haƙuri, wasu da hawaye, suka roƙe shi ya dawo. Ya ce ƙafafunsa ba za su iya mayanka ba kuma, Kawu ya riƙe. Da suka watse ya aika a kira ni. Na same shi da takardar a kan cinya, gefen ajamin a sama.

"Uwata, wa ya koya miki wannan hannun?"

"Kai ne, Baba."

"Na koya miki don ki rubuta wa 'yan'uwa gaisuwa."

Sai ya ƙara da cewa:

"Ubansa a gadon asibiti ya sa hannun yaron nan cikin nawa. In na je can me zan ce masa?"

"Ka ce masa ɗansa ya ce kana sayar da mushe."

Ban taɓa mayar wa Baba magana haka ba. Ya dube ni, bai yi faɗa ba. Na ce, "Baba, ka sani tun da?"

"Ranar da aka rufe rumfa, duk gidan nan shi kaɗai ne bai tambaye ni me ya faru ba." Ya ninke takardar. "Kin wanke ni, Allah ya yi miki albarka. Kin kuma kore mini ɗa."

"Shi ya kori kansa."

Ya ce in miƙo masa tsumman da ke saman katanga. Ya warware, ya gwada bakin wuƙa a babban yatsa, ya ce duk sun dakushe.

Sati biyu bayan haka aka kafa gadon kara a tsakar gidanmu. Hannunsa yana ɗan rawa yanzu, amma fallen har yau kana ganin haske ta ciki. Tun kafin ya sauke daga garwashi mutane suka cika ƙofar gida, har da matar nan mai zuciyar da ba ta son shakka. Na bar ta a tsaye a rana sai da kowa ya samu. Baba ya ware mafi kyau, tuli guda, ya tura gabana.

"Wannan na ƙanenki ne. Ki naɗe ki kai tasha a ba direban Tuboro. Can ba su iya ba."

Na ce to. Ban taɓa ƙin aikensa ba, ba kuma zan fara ba. Na ɗauka na biya ta shago, don a can takardu suke. Na buɗe ledar digirina na zaro kwafin nan na farko, wanda na danna wa inji sau biyu. Na shimfiɗa shi a tebur, rubutun yana kallon sama, na jera kilishin Baba a kai, mai ya fara ratsa layin masu kishi. Na naɗe, na ƙara wata takarda a waje, na ɗaure da zare, na kai tasha da kaina.

Baba bai ce mini da wace takarda zan naɗe ba.